Igwar Baba Mai Rediyo

"Kashe ta, Tela! Cire batir ɗin!"

Tela ya rasa inda zai sa hannu. 'Yar tankar yaƙi ta wasa tana kan tebur, cikinta a buɗe, wayoyi sun barbazu ko'ina, igwarta kuwa sai ja da baya take tana komawa gaba, ƙas, ƙas, ƙas, ba tsayawa, kamar wadda shaƙuwa ta kama. Hannunsa na dama riƙe da zazzafan ƙarfen liƙa waya da dalma, na hagu riƙe da jelar wata waya da bai san ko ta ina ce ba.

"Ina batir ɗin yake, Baba?"

"Ga shi nan a gindin hancinka! Baƙin nan mai kauri. Kai, wannan mutum, kullum kana ganin kafar allura amma ba ka ganin batir?"

Tela ya fizge batir ɗin, igwar ta tsaya cak. Baba Mai Rediyo ya koma ya jingina da matashin kai, dariya tana son fitowa, tari yana tare mata hanya. Sai da tarin ya gama abin da zai yi sannan ya ɗaga yatsa mai rawa ya nuna cikin tankar.

"Ka ga ɗan injin nan? Shi ke jawo igwar baya. Sifirin ya mayar da ita gaba. Idan ta dawo, sai ta taɓa ɗan makunnin can, shi kuma ya ce wa injin ya isa haka. Kai ka bar wayar makunnin tana lilo. To, wa zai ce masa ya isa?"

"Ashe irin maman yara ce," in ji Tela. "Ita ma idan ta fara faɗa babu mai ce mata ya isa."

"Bango ɗaya ne tsakaninmu, ai ina ji. Kuma zan gaya mata ka faɗa."

Suna cikin haka aka ɗaga labule. Auta ce, 'yar tsohon, ta dawo daga asibiti, bayanta wasu mutum biyu suna turo doguwar tukunyar oksijin a kan 'yar kura. Ta tsaya a bakin ƙofa ta shaƙi iskar ɗakin. Hayaƙin dalma yana nan kwance a sama, siriri, bai gama fita ta taga ba. Ta dubi ƙarfen da ke hannun Tela, ta dubi mahaifinta.

"Kawu Tela," ta ce a hankali, "har da kai?"

Da ta ɗaga murya da ya fi masa sauƙi. Ɗaya daga cikin masu tukunyar ya leƙo ya ce lallai kada wuta ko wani abu mai zafi ya kusanci ɗakin nan daga yau, ko ashana ce. Auta ta zare wayar ƙarfen daga bango da kanta, ta ɗauki tankar yadda take, ciki a buɗe, ta ɗora ta can saman kwaba inda hannun tsohon ba zai kai ba.

"Auta, bari a rufe ta mana," in ji tsohon.

"An gama, Baba. An gama da ita."

Tela ya fito sumui-sumui da ƙarfen a hannu, ya rasa inda zai ajiye shi, har ya huce.

Gidan haya ne, ɗakuna a jere, doguwar baranda a gabansu, famfo ɗaya a tsakar gida. Keken ɗinkin Tela yana barandar, daidai ƙofar ɗakinsa, ɗakin Baba Mai Rediyo kuma yana manne da nasa. Tun Tela yana saurayi ya san tsohon a shagonsa na bakin titi, zaune cikin tsofaffin rediyoyi har rufi, tabarau a kan hanci, hayaƙi yana tashi a gabansa. Kowa a layin ya san halinsa guda: ba ya rufe shago ya bar rediyon mutum a buɗe. Ko ba ta gyaru ba, sai ya mayar da murfin, ya ɗaura kusoshi, gobe ya sake kwancewa. Idan aka ce wannan ai wahalar da kai ne, sai ya ce abin da aka buɗe wa ciki amana ne, ba a tafiya a bar shi haka ƙura da kyankyaso su shiga.

Daga baya mutane suka koma sauraron komai a waya, shagon ya mutu a tsaye. Ba a jima ba matarsa ta rasu. Sai ya zama ba ya komai, ya wuni a baranda hannuwa a kan gwiwa yana kallon famfo. A lokacin ne wata rana Auta ta zo daga gidan mijinta da wani babban kwali. Tankar wasa ce a ciki, gunduwa-gunduwa, wadda ake haɗawa a tuƙa da rimot, girmanta bai wuce matashin kai ba. Tsohon ya ce, "Ni da furfurata zan yi wasan yara?" Amma kafin rana ta faɗi ya nemo tabarau.

Tankar nan ita ta tashe shi. Ya haɗa ƙafafun sarƙa suka yi tafiya. Ya sa kanta yana juyawa dama da hagu. Ya ciro 'yar lasifika daga wata matacciyar rediyo ya sa mata, tana gurnani kamar ta gaske. Ba ya gaggawa, abin da bai yi masa ba sai ya kwance ya sake. Abu biyu suka rage, duk a igwar: ta riƙa ɗagawa sama tana saukowa, kuma idan an harba ta zabura baya ta dawo. Yana kan wannan ne tarin ya zo, ya zauna. Hannun nan da ke ɗiga dalma a wurin da bai kai ƙwayar shinkafa ba, ya koma ko kofin shayi sai ya zubar da rabi. Shi ya sa ya ari hannun Tela.

"Hannunka nake so," ya ce masa ranar farko. "Kanka kuwa ka bar shi a ɗakinka, nawa ya ishe mu."

Bayan zuwan tukunyar, Tela ya ɗan janye jiki. Yakan leƙa ya yi sannu daga bakin ƙofa ya koma kan keke. Matarsa ta ce gara haka, ga kayan mutane jibge, shi yana can yana yaƙi da kwali. Yana taka keke, amma kunnensa yana jikin bango.

Ran nan da hantsi, Auta ta fita sayen magani, sai ya ji ana ƙwanƙwasa bangon da gindin sukundireba. Haka suke kiran juna. Ya ɗaga ƙafa daga kan keke ya shiga.

Tsohon ya ƙara zubewa. Siririyar roba ta zagaye kunnuwansa ta shiga hanci, tukunyar tana tsaye a kansa kamar mai gadi. Idonsa ba a kan Tela yake ba, yana saman kwaba, inda wayoyin tankar suka leƙo.

"Kana ganinta?"

"Ina gani, Baba."

"Duk lokacin da na buɗe ido ita nake fara gani. Cikinta a waje. Tela, ban taɓa barin aiki haka ba."

"Sai ka samu sauƙi, Baba, mu ƙarasa."

"Kai ma ka koyi maganar asibiti?" Ya ja numfashi, ya huta. "Ba don kaina ba ne. Na ga tankoki a hoto, na san yadda suke yi. Yarinyar nan ce. Ita ta ɗauko ta ta kawo mini. Ba ta taɓa ganin ta harba ba. Yanzu ko kallonta ba ta son yi, kamar maciji ta kawo gidan. Idan na tafi tana can a buɗe, da haka za ta riƙa tuna ta."

Tela ya sunkuyar da kai yana murza zaren da ya maƙale a hannun rigarsa.

"Ka yi mata magana. Ni idan na fara sai ta ce in sha magani."

Da yamma ya same ta a bakin famfo tana wanke ƙananan tawul ɗin tsohon. Ya tsaya yana jujjuya bokitinsa kamar ruwa ya zo ɗiba, har ta ɗago.

"Kawu, idan maganar tankar ce, don Allah ka bari."

"Ban ce komai ba tukuna."

"Fuskarka ta faɗa." Ta matse tawul ta jefa a roba. Sannan muryarta ta sauka. "Ni na kawo masa ita, Kawu. Da hannuna. Ya bar hayaƙin nan, ya huta da shi, ni na sake mayar da shi ciki. Likita yana tambaya me yake shaƙa, ina tsaye kamar ƙasa ta tsage in shige."

"Likita ya ce tankar ce?"

"Bai ce ba. Ya ce abin ya daɗe yana taruwa."

"To, ni dai ina barandar nan kafin ki kawo kwalin, ina nan bayan kin kawo. Kafin ki kawo, idan na ce masa ina kwana, sai na maimaita. Bayan kin kawo, shi ke tashina da surutu, har na fara tunanin canza ɗaki." Ta ɗan murmusa ba da son ranta ba. Ya ce, "Ya ce ke kika kawo ta, kuma ba ki taɓa ganin ta harba ba. Iyakar saƙon ke nan. Ni ɗan aike ne."

Ruwa ya cika robar yana zuba a ƙafarta, ba ta kula ba. Tela ya miƙa hannu ya rufe famfon.

"Ba a ɗakin ba," ta ce daga ƙarshe. "Ƙarfen nan ba zai ƙetare ƙofa ba. A waje, nesa da taga. Idan na ji ƙaurin hayaƙi a ciki, na rantse zan jefa ta a kwata."

Washegari bayan azahar Tela ya ture keken ɗinki gefe, ya kafa ɗan tebur a baranda, ya jawo wuta daga ɗakinsa. Auta ta tayar da tsohon ta jingina shi da matasai a gefen taga, ta buɗe gilashin kaɗan yadda murya za ta fita. Tsakaninsu akwai ragar sauro da ƙarafan taga da 'yar tazara, ga idon tsohon ya yi rauni. Yana ganin Tela, yana ganin tankar, amma wayoyin sun fi ƙarfin ganinsa. Sai dai baki.

Tun da safe jikin bai yi daɗi ba. Tela ya ji shi ta bango yana tambayar Auta ko ta rufe shago, shagon da aka daɗe da mayarwa wurin sayar da katifa. Ya kuma ji ya kira ta da sunan da yake kiran mahaifiyarta. Amma da aka ajiye tankar a kan tebur, muryarsa ta dawo daidai.

"Fara da makunnin. Farar wayar nan da ka bari tana lilo. Ka ga koren faifan da wayoyi ke taruwa a kai? A gefensa akwai 'yar ƙafa ita kaɗai, ba kowa a kanta."

"Na gan ta."

"Fere bakin wayar kaɗan. Kaɗan na ce, ba yankan yadi ba ne. Shafa mata dalma tukuna, sannan ka kai ta. Kada ka daɗe, faifan ba ya son zafi."

Tela ya ciji leɓe. Dalmar ta narke, ta yi ƙyalli, ta kama. Ya hura mata iska.

"Ja ta ka gani."

"Ta riƙe, Baba."

"Ka ja ta sosai, ba irin jan da kake wa maɓallin mutane ba, su je taro ya faɗi."

Auta tana zaune a bakin gado ta ciki, ta ce, "Baba, ka rage magana."

"Idan na rage magana zai ɗinke mini tanka."

Suka bi sauran a hankali. Shuɗiya ta tafi wurin shuɗiya, rawaya wurin rawaya. Tela ya fara jin hannunsa ya saba. Har ya tattara wayoyin ya ɗaure su da zare tsaf-tsaf don kada su shiga haƙoran injin, abin da ba a sa shi ba. Ya rage na ɗaga igwa. Waya biyu daga ɗan injin, ja da baƙa. Waya biyu daga faifan, su ma ja da baƙa.

"Saurara da kyau," in ji tsohon. "Jar injin ka haɗa ta da baƙar faifan. Baƙar kuma da ja."

Tela ya ɗago. "Ja da baƙa, Baba?"

"Ja da baƙa. Saboda..."

Tari ya sarƙe shi. Wannan karon mai tsawo ne, irin wanda ke naɗe mutum biyu. Auta ta tashi ta tallafe shi, tana shafa bayansa, tana gyara robar hancin. Tela yana zaune da ƙarfe a hannu, yana jiran ƙarshen maganar, ba ta zo ba. Da tarin ya lafa, tsohon ya kwantar da kai ya rufe ido.

Tela ya dubi wayoyin nan huɗu. Duk na baya launi da launi suka tafi. Ga ja tana kallon 'yar'uwarta ja. Shi tun da ya fara koyon sana'a, abin da aka fara buga masa a ka ke nan: ba a sa baƙin zare a jan yadi. Ya tuna shagon da tsohon ya ce a rufe da safe. Ya tuna sunan da ya kira Auta da shi. Tausayi ya kama shi. Ya ce a ransa, kan ne ya sake juyawa, bari in rufa masa asiri, ba sai kowa ya sani ba. Ya haɗa ja da ja, baƙa da baƙa. Duk aikin ranar babu inda dalmarsa ta yi kyau kamar nan.

"Ka gama?" muryar ta fito ta taga, a shaƙe.

"Na gama, Baba."

"To, rufe ta. Kusoshin suna cikin gwangwanin madara. Kada ka matse ɗaya sai duk sun shiga."

Ya kifa saman tankar a kan gindinta, ya ɗaura kusoshin ɗaya bayan ɗaya. Ya kai ƙarfen ɗakinsa ya ajiye a ƙasa ya huce, ya wanke hannu, sannan ya rungumo tankar kamar jariri ya shiga da ita. Ya ajiye ta a kan siminti, tsakiyar ɗaki.

Tsohon ya karɓi rimot, ya ɗora manyan yatsunsa a kan sandunan, suka ƙi tsayawa wuri ɗaya. Ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya miƙa wa 'yarsa.

"Ke za ki tuƙa."

"Ni ban iya ba, Baba."

"Shi wannan ya iya ne? Karɓi."

Ta karɓa da yatsu biyu. Tela ya kunna tankar ta ƙasa, gurnani ya cika ɗakin. Auta ta taɓa sanda, tankar ta zabura ta daki bokiti, ta juya ta nufi ƙafar gado.

"A hankali! Ba gidan surukai za ki ba. Tsaya nan. Juya kanta wajen ƙofa. Yauwa. To, ga maɓallin nan na sama, na hannun dama. Danna sau ɗaya."

Ta danna.

Ƙara ta fito daga 'yar lasifikar, igwar ta zabura baya, duk jikin tankar ya girgiza, sannan ta dawo gaba a hankali ta tsaya. Sau ɗaya tak. Ba shaƙuwa.

"Wayyo!" Auta ta ɗage ƙafafunta sama, rimot ya kusa faɗuwa. Sai dariya ta kufce mata, irin wadda Tela bai ji daga bakinta ba tun da ta dawo jinya. "Baba, ka gani? Ka ga yadda ta yi?"

"Na gani," in ji tsohon. Amma ba tankar yake kallo ba.

Ta sake dannawa, ta sake. Matar Tela ta leƙo ta labule tana tambayar me ya fashe, ta ga abin da ake yi, ta ce, "Manya da ku," ta tsaya kallo ba ta tafi ba.

"Saura ɗaya," in ji tsohon. "Sandar hagu. Tura ta sama, igwar ta ɗaga."

Auta ta tura sama. Ɗan injin ya yi kuka siriri, igwar ta fara sauka. Ta yi ta sauka har bakinta ya kusa taɓa siminti.

"Ni ce na yi ba daidai ba?"

Tsohon ya juyo da kai a hankali ya dubi Tela ta saman tabarau.

"Ja da ja," in ji tsohon.

"Baba, na ɗauka..."

"Ka ɗauka na ruɗe."

Tela ya kasa ɗaga ido.

"Wurin ya yi ƙunci, injin ya ƙi shiga, sai na kifa shi, kansa a ƙasa. Wanda aka kifa, samansa ƙasa ne. Shi ya sa na ce ka juya wayoyin." Kafaɗunsa suka fara rawa, Auta ta yunƙura tana zaton tari ne, ashe dariya ce marar sauti. "Na ce ka bar kanka a ɗakinka, ka ɗauko shi ka zo da shi. Tela dai tela ne. Da za a ba ka bakan gizo, sai ka tsefe shi ka jera."

"Ka yi haƙuri, Baba. Waya biyu ce kawai. Yanzu in buɗe in juya su."

"Yau ya isa," in ji Auta, tana share ido da gefen mayafi. "Dubi yadda yake haki."

"To, gobe da safe," in ji Tela.

"Gobe," in ji tsohon.

Da safe Tela ya shigo da sukundireba a aljihu, ya riga ya jona ƙarfe a baranda yana zafi. Yana ɗaga labule ya san ba jiya ba ce. Auta tana zaune a ƙasa, kanta a gefen katifa, idanunta sun kumbura. Numfashin tsohon yana fita da ƙyar, yana tsayawa, yana dawowa. An ɗora tankar a kan kujera kusa da gado, hannunsa ɗaya yana kanta.

Tela ya durƙusa. "Baba, na zo in juya wayoyin."

Idon ya buɗe kaɗan. Leɓen ya motsa, sai da Tela ya kai kunne.

"Kada ka buɗe ta."

"Yanzun nan zan gama, Baba. Ba zan daɗe ba."

"Na san yanzun nan ɗin tela." Gefen bakinsa ya ɗan motsa. Ya huta, ya tara wani numfashin. "Idan ka buɗe, ban san ko zan ga an rufe ba. A rufe take. Bar mini ita a rufe."

Tela ya zare hannu daga aljihu, ba komai a ciki.

"Je ka yi ɗinkinka," in ji tsohon. "Ina son jin keken. Idan shiru ya yi yawa, yarinyar nan kuka take."

Ya fita ya zare ƙarfen daga wuta. Ya jawo keken ya matsa da shi jikin bangon tsohon, ya ɗauko wata riga da ya daɗe yana yi wa mai ita alkawari. Ya taka. Da ya gama ta ya ɗauko wata. Da kayan suka ƙare ya ɗauko ƙyallayen da ke cikin buhu ya yi ta haɗa su, ba don za su zama komai ba. Rana ta hau, inuwar barandar ta janye har ta bar ƙafafunsa, bai tsaya ba.

Bai ji fitowarta ba. Inuwarta ya gani a kan yadin. Ya ɗago, Auta tana tsaye, hannuwanta a sake, robar hancin nan tana lilo a yatsunta. Ya ɗauke ƙafa daga kan keke, ƙafar keken ta ɗan ci gaba da juyawa ita kaɗai, sannan ta tsaya.

Aka kai tsohon makwancinsa kafin yamma. Mutane suka zo da yawa, fiye da yadda Tela ya zata, tsofaffi musamman, kowa da labarin rediyonsa. Wani ya ce tasa har yau tana magana. Aka yi ta zuwa ana tafiya, sannan aka daina. Masu tukunya suka dawo da 'yar kurarsu suka tafi da ita, ta bar zagayen tsatsa a kan siminti.

Ranar da Auta za ta koma gidanta, Tela ya shiga taya ta ɗaure kaya. An naɗe katifa, an kwashe kwalaben magani, gwangwanayen kusoshi suna cikin kwali. Takalman tsohon na roba suna nan a gindin gado inda ya cire su, ba wanda ya taɓa. Tankar tana kan kujera.

"Auta," ya ce, "kafin ki tafi da ita, bari in gyara. Laifina ne. Ya so ki ga ta cika."

Ta ɗauko tankar ta ajiye a ƙasa, ta goge ƙurar kanta da tafin hannu.

"Ya ce a bar ta a rufe, Kawu."

"Don yana gudun kada..."

"Na san dalili. Ina wurin." Ta zauna a bakin gadon da ba katifa, rimot a cinyarta. "A bar ta yadda ya gan ta."

Ta sunkuya ta kunna ta. Gurnanin ya tashi a ɗakin da ya zama fanko, ya fi na da ƙarfi. Ta juya kan tankar a hankali, ba ta daki komai ba wannan karon, har igwar ta fuskanci gindin gado. Tela yana tsaye a bakin ƙofa da igiya a hannu. Ta ɗora yatsa a kan sandar hagu, ta tura ta sama.

Ɗan injin ya yi kukansa siriri. Igwar ta sunkuya, ta yi ta sunkuyawa, har ta tsaya a gaban takalman.